Haƙori na Huɗu da Fiton Malama Rabi

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa da tebur. Ni ban iya bayani a zaune ba, don haka ku ma sai ku tsaya. Jiya na ji ɗayanku yana cewa haɗa haƙoran roba ba wani aiki ba ne, ai a jere ake sayar da su a kati kamar maɓallan riga, ka ɓalle ɗaya ka dasa a kaki irin na zuma, an gama. Ban tanka masa ba don ina da aiki a kan wuta. Yau zan tanka.

Ku kuna kirana Mama Ladi, amma lokacin da na shigo ɗakin nan Ladi ce kawai, 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa da ya taso daga kudancin Kaduna ya zauna a Minna. Na zo da takardar makaranta a hannu, ina ganin na gama sanin komai. Mai ɗakin, Baba Ndagi, dattijo ne Banufe da ya yi aiki a sashen haƙori na asibiti har ya yi ritaya, sannan ya kama wannan wuri a Tunga. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinsa. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya miƙo mini sandar sabulun wanki da 'yar wuƙa, ya zura hannu cikin wani gwangwanin madara da ke cike da haƙoran mutane da aka cire aka dafa, ya zaro ɗaya.

"Kai Ladi, sassaƙa mini irin wannan."

Na yini ina yi. Da la'asar na kai masa ina jin daɗin kaina. Ya rufe ido, ya shafa da babban yatsa sau ɗaya, ya jefa cikin kwanon wanke hannu.

"Wannan sabulu ne. Gobe ka yi haƙori."

Wata uku ina sassaƙa haƙorin nan guda ɗaya. Duk matan gidanmu da ɓarɓashin sabuluna suke wanki.

To ga haƙorin nan, ku karɓa ku zagaya da shi, kada ya faɗi. Ku ƙirga daga tsakiyar baki a sama. Haƙoran gaba biyu, sai fiƙa ta zama ta uku. Na huɗu da na biyar su ne ƙananan turame, suna tsakanin fiƙa da manyan turamen tauna. Mu a nan da lamba muke kiransu, na huɗu da na biyar. Suna fitowa ne yaro yana da shekara goma zuwa sha biyu, a gurbin turamen yarinta da suka faɗi, kuma daga nan babu wasu a bayansu.

Wanda ke hannunku na huɗu ne. Ku duba kansa. Tsini biyu gare shi. Na wajen kunci dogo ne mai kaifi, in ka hango shi daga waje sai ka ce ƙanen fiƙa ne. Na wajen ganda ya fi shi gajarta, ya fi shi kumburi. Tsakaninsu akwai tsagi, kuma tsagin nan bai tsaya a sama ba, ya tsallake gefen da ke kallon fiƙa ya ɗan gangara. Ku bi shi da farce. Ƙasa da nan, wajen wuyan haƙorin, za ku ji ya lotsa kamar an danna shi da yatsa tun yana ɗanye. A wannan lotsawar abinci ke maƙalewa, a nan dasashi ke fara kumbura in an yi wa haƙorin hula, wato murfin roba ko na ƙarfe, ba a bi siffarsa ba. Yanzu ku juya shi. Saiwa biyu, ɗaya ta nufi kunci, ɗaya ta nufi ganda, sirara kamar tsinken tsire. Duk likitan da ya taɓa cire shi ya san ƙarar da saiwar nan ke yi in ta karye a cikin ƙashi.

Na biyar kuwa, in ba ka sani ba sai ka ce tagwaye ne. Ba tagwaye ba ne. Tsininsa biyu sun kusa yin daidai, tsaginsa gajere ne mai 'yan tamoji, kansa ya fi zagaye, kuma yawanci saiwa ɗaya gare shi, wadda bakinta ke kusa da kogon iskan da ke cikin ƙashin kunci. Baba yakan zuba mini guda ashirin a tafin hannu, ya ce in rufe ido in ware na huɗu daga na biyar, na dama daga na hagu. In na kuskure ɗaya sai ya sake cakuɗa su. Yana yi yana zagaya ɗakin, ba ya zama, wataƙila a wurinsa na ɗauko.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Kwanon awon baki da ƙullun da ake cika shi da shi, mutum ya ciza a sami siffar bakinsa. Filasta da ake zubawa a ciki. Jan kaki, wuƙar kaki, fitilar sifirit. Wannan muƙamuƙin ƙarfen da kuke gani, wanda ake ɗaura bakin filasta na sama da na ƙasa a kai a ga yadda suke haɗuwa. Shuɗiyar takardar cizo, wayar lanƙwasa ƙugiya, tukunyar tagulla da ake dafa roba a ciki, magagari, da injin gogewa guda ɗaya mai aiki da lantarki. Ku riƙe maganar injin nan.

Akwai wani manomin doya daga Kuta da matarsa ta tiso ƙeyarsa ya zo. Na huɗunsa na dama ya daɗe da fita. Ya ce shi bai ga dalili ba, haƙorin da ke can gefe wa zai gani? Baba bai yi gardama da shi ba. Ya ba shi madubi, ya ba shi labarin wani ɗan achaba da akuya, mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya hangi baƙin giɓi a madubin, ya rufe baki da sauri. Sannan Baba ya nuna masa yadda na biyar ya fara kwantowa cikin giɓin, na ƙasa kuma ya fara tasowa sama don bai sami abin da zai tare shi ba. Mutumin ya zauna aka auna shi. Irin waɗannan su ne yawancin masu zuwa mana, manoma, 'yan kasuwa, malaman makaranta, matan da ke shirin aurar da 'ya suna son su yi dariya a hoto.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin Baba kafin muguwar shekarar ta zo. Abu uku ne suka haɗu. Cikin tsananin zafin bazara Baba ya yanke jiki ya faɗi a daidai inda wannan yarinyar take tsaye, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kai shi gida ya kwanta. Bayan mako biyu taransfomar layinmu ta ƙone, muka shiga wata da watanni babu wuta. Sannan ɗan kasuwar da ke kawo mana haƙora masu kyau daga kudu ya daina zuwa. Abin da ya rage a gari wasu katuna ne masu manyan haƙora, waɗanda na huɗu da na biyar duk siffa ɗaya aka zuba su, dunƙule kamar gyaɗa. In za ka yi aiki da su sai ka rage su ka fito da siffarsu. Da inji, aikin minti goma ne. Da magagari, rabin yini. Ina dafa roba a kan gawayi, ina gogewa da hannu har yatsuna suka yi kanta, likitoci uku suna aiko mini da aiki, mutane a kan benci suna jira, ni kaɗai.

A cikin wannan hali Malama Rabi ta zo. 'Yar Wushishi ce, tana karanta labarun Hausa na safe a wani gidan rediyo a nan garin. Ban taɓa ganinta ba, amma tana yin sallama na gane muryar, don da ita muke karyawa kullum a gidanmu. Ta zo da mayafi a kan baki. Babur ya kayar da ita, na huɗu da na biyar na hagu suka karye har saiwa, likita ya cire su. A dama kuma na huɗu ya daɗe da fita saboda ruɓa. Wurin ya warke, hutun da aka ba ta ya kusa ƙarewa, kuma in ta yi magana iska na zurarewa ta gefe, kalmomi suna fita kamar da ruwa a bakinta.

"Anti, ranar Litinin ta sama zan koma aiki. Zai yiwu?"

Na ce zai yiwu. Likitanta ya riga ya aiko da awon bakin.

Na zuba filasta, na ɗaura a muƙamuƙin ƙarfe, na ɓalle haƙora uku daga katin nan. Bakinta ƙarami ne, haƙoran sun yi masa girma. In na jera su a inda nata suke, za su turo kunci waje, kuma ba za su haɗu da na ƙasa ba. Abin da ya kamata in yi na sani sarai. In zauna da magagari in rage faɗinsu, in gajarta tsinin wajen ganda, in fito wa na huɗu da siffarsa ta na huɗu. Na dubi shiryayye, aiki goma sha biyu ne jere suna jirana. Sai na ɗan goge su sama-sama, na tura su ciki wajen ganda har suka haɗu da na ƙasa, na cika bayansu da kaki mai kauri don su yi ƙarfi. Na dafa, na goge, suka yi ƙyalli. Wanda duk ya gani a hannu zai ce an yi aiki.

Ranar Asabar ta zo aka sa mata. Ta ciza takarda, cizo ya yi daidai. Ta dubi madubi ta yi murmushi, giɓi ya tafi. Sai ta ce, "Sannu da aiki, Anti," ta tsaya. Ta sake cewa, "Sannu." Ta dube ni.

"Anti, kamar ina jin fito."

Ina tsaye da wuƙar kaki a hannu, tukunya na tafasa a waje, wani tsoho a kan benci yana ta gyaran murya.

"Sabon abu ne a bakinki. Harshe zai saba. Ki ba shi mako biyu."

"Kin tabbata?"

"Kowa haka yake ji da farko."

Ta yi godiya ta tafi.

Ranar Litinin na kunna ƙaramar rediyo mai batir ina kwaɓa filasta. Ta ce, "Assalamu alaikum masu sauraro," sai na ji kamar an hura usur har sau uku a cikin gaisuwar kaɗai. A ɗaki fiton siriri ne, amma abin magana na gidan rediyo yana kama shi ya ƙara masa ƙarfi. Na kashe rediyon. Na ce a raina za ta saba. Ranar Laraba na sake kunnawa, na sake kashewa. Daga nan ban ƙara kunnawa ba. A cikin keken haya mai ƙafa uku na ji wasu samari suna kwaikwayonta suna dariya, suna kiranta alƙalin wasa. Na sauka kafin in kai inda za ni, na ƙarasa da ƙafa.

Bayan mako uku ta dawo. Ba ta zauna ba. Ta ciro haƙoran daga jaka, naɗe a hankici, ta ajiye a kan teburin nan.

"An sauke ni daga labarai. Oga ya ce in koma ɗakin fassara har in warke. In na sa su, fito. In na cire su, iska. Ki gaya mini yadda zan yi."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Na sallami mutanen da ke benci, na rufe ɗakin, na hau babur zuwa gidan Baba.

Na same shi a zaure an jingina shi da matashi. Bakinsa ya karkace, sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da yake faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa haƙoran a hannun hagu. Ya rufe ido. Yatsansa ya bi ta kan na huɗu, ya koma, ya sake bi. Ya zura yatsa biyu tsakanin na dama da na hagu, suka cushe.

"Wa ya yi?"

"Ni ce, Baba."

"Ina na huɗu?"

Ya sake zura yatsun a tsakaninsu.

"Kai Ladi. Harshe ta ina zai wuce?"

Ya ɗauki lokaci kafin ya iya fitar da sauran, matarsa tana goge masa baki. Abin da ya ce shi ne, in mutum zai furta sin, sautin farkon "sannu", gefen harshensa kan ƙananan turamen nan yake jingina, dama da hagu, ya bar 'yar hanya a tsakiya iska ta bi. In ka matse tsakanin haƙoran, harshe ya takure, hanyar ta tsuke, iska ta fita da fito. Ya ce in barbaɗa hoda a kan robar da ke rufe ganda, in sa mata, ta furta kalma ɗaya, in cire in duba inda harshe ya share hodar. Ya ce kada in sake taɓa katin nan, in kwaɓa farar roba in sassaƙa haƙoran da hannuna. Da na tashi tafiya ya riƙe mini gefen zane.

"Ya faɗa maka yana fito?"

Malama Rabi yake nufi. Na ce ta faɗa.

Ya sake ni, ya juya fuska wajen bango.

Washegari na aika wa likitocin nan uku cewa aikinsu zai yi jinkiri. Ɗaya ya aiko aka kwashe nasa, bai sake kawo mini aiki ba har yau. Na kira Malama Rabi. Na barbaɗa hodar jarirai a kan robar tsofaffin haƙoran, ta sa, ta ce "sassafe," na cire. Harshenta ya share hodar kusan gaba ɗaya, hanyar da ta rage ba ta fi kaurin zare ba. Na nuna mata. Na ce, "Laifin ba na harshenki ba ne, nawa ne." Ta dubi hodar.

Na sake awo. Na kwaɓa farar roba, na daidaita launi da fiƙarta a bakin ƙofa inda akwai hasken rana, na dafa 'yan dunƙule, na zauna da magagari da wuƙa. Na huɗu na hagu ya ci mini yini guda. Na fito da dogon tsinin waje ya bi layin fiƙa, na gajarta na ciki, na ja tsagin ya tsallake gefe. Na biyar na zagaye shi. Na jera su a kaki daidai kan ƙashin da nata suka fito, na rage kaurin robar ganda har ana ganin inuwar yatsa ta cikinta. Kullum da hantsi takan zo da tsohuwar jarida, ta tsaya a can tana karantawa da ƙarfi kamar tana gaban abin magana, ni kuma ina zagaya ta ina saurare ta dama, ina saurare ta hagu. In na ji ɗan siririn sauti sai in cire, in barbaɗa hoda, in ɗumama wuƙa, in matsar da haƙori kamar kaurin farce. Gwaji na farko fito ya ragu amma sin ɗin ta zama kamar shin, na buɗe hanyar da yawa. Na biyu kunci ya riƙa shiga tsakanin haƙora tana cizonsa. Sai a gwaji na huɗu ta karanta shafi guda cur, na sa ta maimaita "sanarwa ta musamman ga masu sana'ar sassaƙa" sau goma, ban ji komai ba sai muryar da na sani. Kwana goma sha shida ke nan.

Ta koma wurin ogansu. Ya ce an riga an ba wani saurayi labarun safe, ita za a ba ta sanarwa da gaishe-gaishen ranar Asabar. Da ta zo ta faɗa mini, na cire rigar aiki na ce mu tafi tare. Na ɗauki tsofaffin haƙoran da bakinta na filasta, na zuba a jaka. A ofishinsa na baje su a kan tebur, na nuna masa inda na matse, na ce matar nan ba ta da wata cuta, ni na yi mata mugun aiki kuma na gyara, ya sa ta karanta ko layi ɗaya ne ya ji. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya sa ta karanta, ya ce lallai murya ta dawo. Sannan ya ce masu sauraro sun fara sabawa da yaron, ba zai yi ta canja musu murya ba, a bari a ga abin da hali zai yi.

Muka fito bakin titi, rana ta take. Muna tsaye muna jiran abin hawa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Anti, ranar da na ce miki ina jin fito, kin ji shi ke ma?"

"Na ji."

"To me ya sa kika ce in tafi?"

"Aiki goma sha biyu ne a gabana, babu wuta, babu Baba."

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta.

"Ke aiki goma sha biyu gare ki. Ni baki ɗaya gare ni."

Ta tare keke ta shiga. Haƙoran nan shekara tara ta yi da su, duk Asabar ina saurarenta tana karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, ban ji sun yi fito ko sau ɗaya ba. Labarai kuwa ba ta sake karantawa ba.